In An Yi Wa Karenka Aiki A Ƙafa

Kawuna mafarauci ne a wani ƙauye na ƙasar Sandamu, kuma cikin karnukansa babu wanda yake ji da shi kamar wani baƙi siriri da ake kira Duna. Wata ranar kasuwar Mai'adua, da sanyin safiya, wani mai babur da ya yi lodin buhuna ya banke karen a bakin titi, ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye. Kawu bai yi wata-wata ba, ya sayar da akuya, muka sa Duna a bayan a-kori-kura muka nufi birni. Likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashin, ya yi masa allurar barci, ya zura ƙarfe a cikin ƙashin, ya ɗaure da waya, ya ɗinke. Aiki ya yi kyau. Da za mu fito ya riƙe hannun Kawu ya ce, "Baba, mako 8 cur, ban da gudu, ban da tsalle." Kawu ya ce, "To Likita, Allah ya saka da alheri."

Ran kwana na 20 an riga an cire zare, gashi ya fara rufe tabon, Duna yana taka ƙafar kamar babu abin da ya same shi. Sai ga 'yan farauta sun biyo ta bayan gida da ganga da kuwwa. Kare ya dinga kuka yana tonon ƙofa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ji shi fa. Ai ya warke. Tsare shi yanzu zalunci ne." Na ce, "Kawu, Likita ya ce mako 8." Ya ce, "Likita bai san Duna ba." Ya buɗe masa. Da magariba a kafaɗa aka dawo da shi, ƙarfen ya lanƙwashe, ƙashin ya sake rabuwa a inda ya fara haɗewa.

Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar an yi wa karensa tiyata a ƙafa, ko mafarauci ne daga Baure, ko Bafillace mai karen kiwo a dajin Zango, ko ma'aikaci mai karen gadi a cikin garin Daura, abin da nake fara gaya masa shi ne, likita ya yi nasa cikin awa 2, naka kuma wata 2 ne ko 3, kuma naka ya fi wuya. Fata tana haɗewa cikin kwana 10 zuwa 14. Ƙashi ba haka yake ba. Na kwikwiyo yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, na babban kare mako 8 zuwa 12, na tsoho ma ya wuce haka. Ƙarfen da aka sa ba ƙashi ba ne, aikinsa kawai ya riƙe ɓangarorin ƙashin biyu kada su motsa har jiki ya gina sabon ƙashi a tsakaninsu. Kare kuwa bai san wannan ba. Da zafi ya ragu zai ɗauka ya warke, kuma zafin yakan ragu tun ƙashin yana ɗanye. Saboda haka lokacin da ya fi haɗari ba makon farko ba ne, daga mako na 3 ne zuwa na 6, lokacin da idonka da zuciyarka da 'yan gida duk za su ce maka a sake shi.

Matsalarmu a nan ita ce ba mu saba killace kare ba. Namu da rana yana kwance gindin darbejiya, da dare gari nasa ne. To wannan sabon dole a karya shi, kuma tun kafin a dawo daga asibiti ya kamata a shirya wurin. A sami ɗan ɗaki ko shago, ko a kewaye wani lungu da katako ko langa-langa, faɗinsa kada ya wuce taku 2 kowane gefe: ya iya miƙewa, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu, shi ke nan. Kada a bar benci ko buhunan hatsi da zai hau, kuma katangar ta yi tsawon da ba zai yi tunanin tsallakewa ba. Ɗaure shi a turke da sarƙa ba killacewa ba ce. Da ya hango akuya ko baƙo zai zabura, sarƙa ta fizge shi, nauyinsa duka ya koma kan ƙafar. Wani lokaci ma igiyar ta nannaɗe ta cikin dare ba wanda ya gani. Daɓe mai santsi, musamman tayil, shi ma haɗari ne. A shimfiɗa tabarma, a ɗora buhu ko tsohon bargo, a tanadi guda 2 don a riƙa wanke ɗaya a shanya a rana.

Mutane da yawa za su ce a zuba masa yashi ya fi sanyi. Kada a yi. Akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a kan yashi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya taɓa, tsutsarsa ta huda fatar kare ta zauna ciki, sai ka ga ƙuraje kamar maruru masu ɗan rami a tsakiya. Duk mai kwikwiyo ya san su, musamman da damina. Karen da zai yi wata 2 kwance a wuri ɗaya shi ne abin da wannan ƙudan yake nema.

Sai a duba lokacin shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Daura yakan haura digiri 40, kare kuma ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ɗaki mai rufin kwano ba silin, ba taga, zai iya kashe shi tsakanin azahar da la'asar. A nemi ɗakin ƙasa, ko rumfa mai inuwa da iska ke ratsawa, ruwan randa kuma kada ya yanke a kaskonsa. Da hunturu kuwa, wurin da aka aske don tiyata ba shi da gashi, a rufa masa buhu da dare, a kare shi daga iska mai ƙura.

Daren farko kada ka tsorata in ka ga yana layi, yana rawar jiki, ko yana ɗan kuka. Maganin barci ne bai gama sakinsa ba. Ba shi ruwa kaɗan, in bai yi amai ba bayan awa 1 ko 2 a ba shi rabin abin da ya saba ci. Zai iya yin kwana 2 ko 3 bai yi kashi ba, wannan ba komai. Amma in ya kwana ya wuni bai yi fitsari ba, ko dasashinsa ya yi fari fat, ko jini yana ɗiga bai tsaya ba, a kira likita ko da tsakar dare ne. Karɓi lambarsa kafin ka bar asibiti.

Ka kuma sani, karen da ke jin zafi yakan ciji ubangidansa. Ba butulci ba ne, ciwo ne. In za a ɗaga shi ko a duba ƙafar, a yi masa takunkumi da tsumma mai laushi: a zagaye bakin, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ɗaure, a kwance da an gama. Kada a yi masa in yana haki ko yana yunƙurin amai. Yara kuma a hana su shiga. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da ciwon haukan kare yake kamawa daga cizon kare suke samunsa, kuma da alamu sun bayyana babu magani. In ka je gaban likitan dabbobi, tambaye shi yaushe za a yi wa karen allurar rigakafi in ba a taɓa yi ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allurar a nan ƙasar.

Yanzu ga ɗinkin kansa. An daɗe ana cewa harshen kare magani ne, in ya lashe ciwo sai ya warke. A kan ƙwarzane wataƙila ba a ga illa ba, amma a kan ɗinki ɓarna ce tsantsa. Bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma lasa ba ta tsayawa a lasa, haƙori yakan biyo baya. Cikin minti kaɗan zai tsinke zaren da aka ɓata lokaci ana ɗinkawa, in kuma cuta ta bi ta nan ta kai ga ƙarfen da ke cikin ƙashi, an shiga doguwar jinya. Likitoci suna da wani abu kamar mazurari da ake sa wa kare a wuya. In ba a samu ba, bokitin roba yana yi. Zaɓi wanda zurfinsa ya ɗan wuce tsinin hancin karen, ka yanke gindinsa daidai yadda kai zai shiga, ka naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya yanke shi, ka huda ramuka 4 ka ɗaure shi a jikin abin wuyansa. Yatsunka 2 su iya shiga tsakanin abin wuyan da fata. Kwanan farko zai yi ta karo da bango, ya ƙi cin abinci, ya dube ka da idon da zai sa ka ji kamar ka cuce shi. Daure. Ɗaga masa kasko a kan bulo ya samu ya kai bakinsa. In ka cire don ya ci, tsaya a kansa har ya gama ka mayar, kuma da dare ne aka fi bukatarsa, lokacin da kowa ya yi barci.

Safe da yamma ka duba ɗinkin a cikin haske. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwana 3 na farko ba laifi. Abin da ba a so shi ne kumburi mai ƙaruwa, zafi in ka taɓa, mugunya, wari, ko bakin ciwon ya buɗe. In ya ɓaci, ga abin wankewa: cokalin shayi 1 na gishiri a cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, wato daidai ledar ruwa guda. A jiƙa auduga a dangwala a hankali, a bar shi ya bushe. Ban da wanka sai an cire zare.

Zan daɗe a kan abin da ba a sawa, don a nan muka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Maƙwabci zai zo ya ce baƙin mai, wani ya ce toka, wani ya ce kashin shanu, wani ya kawo garin magani a ƙulli. Kowannensu so yake ya taimaka, amma ciwon da likita ya ɗinke a tsabtace ba ya bukatar komai a kansa sai abin da likitan ya bayar. Baƙin mai guba ne, in kare ya lasa cikinsa zai shiga. Mafi muni shi ne a ga tsutsa a zuba fetur, kalanzir ko fiya-fiya. Fiya-fiya tana ratsa fata, za ka ga kare yana dalala, yana karkarwa, kafin a kai shi ko'ina ya tafi. In ka ga tsutsa, aikin likita ne ya tsince su ya wanke ramin. Hanyar hana su kuwa mai sauƙi ce: kwashe kashi nan take, canza shimfiɗa, sannan a rataya tsohon gidan sauro a kan wurin, musamman daga Yuni zuwa Satumba da ƙuda ke yawa.

In an naɗe ƙafar da bandeji ko filasta, yatsun da aka bari a waje su ne za su ba ka labari. Taɓa su kullum. In sun yi sanyi, ko sun kumbura har faratan tsakiya guda 2 sun ware daga juna, ɗaurin ya matse, jini ba ya kaiwa, kuma ba a kwana da wannan. Haka in bandejin ya jiƙe, ya zame, ko ya fara wari. In za a fita da shi ƙasa tana da raɓa, a sa leda a kan dagin, a cire da an dawo. Kada a ɗaure ledar da roba, kada kuma a manta ta. Maɗoranmu sun iya aikinsu a kan ɗan Adam da akuya, ban raina su ba, amma ƙafar da ke da ƙarfe a ciki ba a ja, ba a murza, ba a sake ɗaure ta da karan dawa.

Magani ma haka. Kada ka je kemis ka ce a haɗa maka na ciwon jiki. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke sha kamar gyaɗa, suna huda cikin kare su kashe masa ƙoda. Farasitamol in ya wuce kima yana lalata hanta da jini, ba a ba kare sai likita ya auna da nauyinsa. Maganin ƙiba da wasu masu kiwon raguna ke bayarwa, wanda ake kira sha-ka-fashe, yana jinkirta warkewa, in kuma ya haɗu da maganin zafin da likita ya rubuta sai ya jawo zubar jini a ciki. Abin da aka ba ka a asibiti shi za ka bayar, a kan lokaci, bayan ya ci abinci. Cusa ƙwayar cikin lomar tuwo da ɗan kifi, ka tsaya ka ga ya haɗiye, don wasu sun iya ɓoyewa a kumatu su tofar bayan ka juya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi duka ko da ciwon ya bushe. In ya fara amai, ko kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, dakatar da maganin zafin ka kira likita.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. Ragowar tuwo da ruwan dusa ba za su gina ƙashi da tsoka ba. A ƙara masa dafaffen ƙwai, kifi, guntattakin nama daga mahauta, hanta jefi-jefi, da ɗan kindirmo in cikinsa yana karɓa. A rage miya mai albasa da yawa, don albasa tana fasa jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Kada tausayi ya sa a ɗura masa har ya yi teɓa, ƙafar ce za ta ɗauki nauyin.

Fita kuwa sau 3 ko 4 a rana, minti 5, a gajeriyar igiya, don fitsari da kashi kawai. In ƙafar baya ce, zura tawul ko tsohon zane ta ƙarƙashin cikinsa, ka riƙe bakin biyu a sama kamar hannun jaka, ka ɗan rage masa nauyi ba tare da ka ɗaga shi daga ƙasa ba. Yi tafiya a hankali ƙwarai. In ka yi sauri zai rataye ƙafar ya yi ta tsalle da uku, in ka rage sai ya ajiye ta, kuma wannan ajiyewar a hankali ita ke sa ƙashi ya yi ƙarfi, tsoka ba ta shanye ba. Yawanci cikin mako 1 ko 2 zai fara dangwala yatsu a ƙasa. In ya fara takawa sai kuma rana ɗaya ya ɗauke ƙafar gaba ɗaya, ko ka ji tsinin ƙarfe yana turo fata ta wajen ƙugu, ko ƙafar ta karkace, kada a jira ranar da aka sa a koma. Bayan an cire zare, in likita ya yarda, a riƙa ƙara minti 5 kowane mako, kullum a igiya. Lanƙwasa gwiwa da miƙe ta ma yana da amfani, amma bari likita ya nuna maka da hannunsa tukuna.

Zaman kaɗaici yana damun kare, balle na farauta da ya saba da daji. Kukan da ya karya zuciyar Kawu ke nan. Maganinsa ba buɗe ƙofa ba ne. Shimfiɗa tabarmarka kusa da shi bayan la'asar, ka yi masa magana, ka sosa masa bayan kunne, ka tsince masa kaska. Ranar da ka san za a fita farauta, a fitar da sauran karnuka ta wata hanya tun bai gani ba, wani ya zauna da shi har ganga ta yi nisa.

Na san akwai mai karanta wannan yana jin ƙyanƙyamin taɓa kare har haka. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 kuma malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gona, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim. Dabbar da ta yi maka gadi shekara da shekaru tana da haƙƙi a kanka ranar da ta kwanta. Sa safar hannu, ware tufafin da za ka riƙa shiga da su, ka wanke hannu da sabulu kafin da bayan.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko. Aikin ƙashi mai bukatar hoto da ƙarfe yakan sa a yi tafiya zuwa Katsina, ko a bi ta Kazaure zuwa Kano, mai wuya ma har asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tambayi likita kuɗin duka, har da cire zare, da hoto na biyu da ake ɗauka wajen mako na 6 zuwa na 8, da cire ƙarfen in irin wanda ake cirewa ne, ka haɗa da kuɗin mota. Wannan hoto na biyun shi ne mutane suka fi tsallakewa don sun ga kare yana tafiya, alhali shi kaɗai ne zai nuna ko ƙashin ya haɗe. Ko bayan an ce ya haɗe, tsokar cinyar ta rame, sai an yi makonni ana doguwar tafiya a igiya kafin a bar shi ya bi zomo. In karayar ta faru da kaka, ka sa a ranka farautar ranin bana ta wuce shi.

Duna dai an sake yi masa aiki, amma cuta ta riga ta shiga ƙashin, daga ƙarshe likita ya ce sai an cire ƙafar. Kawu ya ƙi da farko, ya ce gara a bar shi ya mutu da ƙafarsa. Da ƙyar aka shawo kansa. In kai ma aka kawo ka nan, kada ka ɗauka an gama da karen. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare ƙafafun gaba ne ke ɗauka, shi ya sa wanda ya rasa ta baya ya fi saurin sabawa, kuma jinyar ta fi ta karaya gajarta tunda babu ƙashin da ake jira, ɗinki ne kawai. Abin lura shi ne a tsare shi daga ƙiba da daɓe mai santsi, a riƙa duba dagin ƙafar da ta rage saboda ƙaya da tsagewa. Mako 3 bayan an cire, Duna ya fara bin Kawu gona. Bai sake zuwa farauta ba, amma ya yi shekara 5 yana kwana a bakin garken awaki, kuma duk wanda ya taɓa ƙyauren gidan da dare muryarsa yake fara ji.